Dokin Ƙofar Ɗakin Inna

Yayana ne ya jawo duk abin. Ya zo daga Kano cikin bazara, ya shiga ɗakin Inna gaisuwa, yana zaune kan tabarma sai ɓarɓashin ƙasa ya zubo daga rufi ya sauka daidai kan hularsa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon azara. Guda uku gara ta cinye cikinsu, ɗaya ma har ta lanƙwasa. Sai da zai tafi ya ja ni zaure.

"Ɗakin nan ba zai ga ƙarshen damina ba," in ji shi. "Zan dawo da saukar ruwa. In na same shi yadda na bar shi, da Inna zan koma. Na riga na gyara mata ɗaki a gidana, har da banɗaki a ciki."

Na ce to. Me zan ce? Ya girme ni da shekara goma sha huɗu, kuma tun rasuwar Baba maganarsa ce magana. Ni ne auta, ni na zauna a gidanmu na gado a Gumel, da ni da maiɗakina da Inna. Aikina koyarwa a firamare. Ko akurkin kaji ban taɓa ginawa ba.

Da na koma ciki na tarar Inna ta ji komai, don zauren gidanmu ba ya riƙe sirri. Tana tsince zogale a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, ni in na je Kano me zan yi? A ajiye ni a bene ina kallon fanka? Wa zai leƙo ya ce in sam masa daddawa?" A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu mu shida. Nan take na ce mata ba inda za ta, ni zan gyara ɗakin da hannuna. Maiɗakina tana bakin murhu, ta juya mana baya, kafaɗunta na girgiza. Dariya take yi.

Ba wai ban nemi magina ba. Masu aikin bulo biyu sun zo sun duba, kowannensu ya ce a rushe a yi sabo. Tsohon maginin unguwarmu, wanda ya san aikin soro, ciwon baya ya hana shi hawa tsani, amma ya yarda in riƙa zuwa ina tambaya. Da shi da bidiyon da nake kallo a waya, su ne malamaina.

Aka ba da hutun makaranta ran Juma'a, Asabar muka kwashe kaya. Inna ta koma ɗakinmu, mu muka koma zaure, tarkacen zaure ya koma madafi, madafi ya koma gindin dogonyaro. Duk wanda ya yi sallama sai ya tsaya a waje mun kawar da katifa. Fanteka da tasoshin Inna na tun aure muka jera su a tsakar gida, maƙwabta suka fara aiko tambaya ko tashi za mu yi.

Ranar da na hau soro da diga na gano akwai wani daɗi a fasa abu da ba wanda ya taɓa gaya mini. Sara biyar na yi ƙasa ta rufta, rana ta faɗa cikin ɗakin da rabonsa da ganinta ya kusa shekara sittin. Na leƙa ta ramin na ga maiɗakina a ƙasa ta ɗago kai, ta yi butu-butu har gashin ido.

"Malam," ta ce, "yanzu fa ko ka iya ko ba ka iya ba, sai ka iya."

Na zauna a bakin ramin ina ƙyaƙyata dariya har sai da na riƙe ciki. Daga can sama ina ganin rufin unguwa duka, da hasumiyar masallaci, da awakin mutane a kan katanga. Ji nake kamar an ba ni sarautar gari.

Ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari na zaɓo azara. Ina ƙwanƙwasa kowace da yatsa ina kasa kunne kamar mai sayen tukunya, alhali ban san sautin da nake nema ba. Mai azarar ya lura, ya yi mini kara, ya ware mini masu kyau da kansa. Na dawo a bayan a-kori-kura, zaune a kan kayana, ina ɗaga wa duk wanda na sani hannu, har da waɗanda ban sani ba.

Sai kwaɓin ƙasa. Muka haƙa gurbi a tsakar gida, muka zuba ƙasa da ramno, wato ciyawar da ake sarawa a cakuɗa don ƙasa ta kama, muka shiga da ƙafa ni da maiɗakina muna tattakawa. Tun ranar aurenmu ba mu yi wasa irin na wannan makon ba. Ta zame ta kama ni, na zame na ja ta, muka zube tare. Inna tana kan kujerarta 'yar tsugune, ita ce shugabar aiki. In na ce ƙasa ta yi, sai ta sa a miƙo mata dunƙule, ta murza, ta shinshina, ta ce, "Ba ta nuna ba, a bar ta ta ƙara kwana." Tuwo da ƙasa muka ci, koko da ƙasa, har buroshin haƙorina ƙasa. Hutu ya ƙare na koma makaranta, ina rubutu a allo da jan laka a ƙarƙashin farce, in an tashi kuma ko riga ba na tsayawa sakewa sai tsani.

Rufi ya hau, na kafa sabon indararo, na yi yaɓe ciki da waje. Gwaggon maiɗakina ta aiko da makuba, ɓawon ɗorawar da ake jiƙawa a yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi, daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, matan unguwa suka taru da maɗaɓansu, suka kore ni daga gidan yini guda. Da na dawo da la'asar daɓe ya yi ja yana sheƙi, ɗakin yana ƙamshin nan mai ɗan tsami da na sani tun ina rarrafe. Muka shafa farar ƙasa, muka mayar da gadon ƙarfen Inna wurinsa. Tsohon magini ya dogaro sanda ya zo, ya daki bango da tafin hannu ya ce, "Ba laifi." Kwana uku ina maimaita wa kaina wannan ba laifin.

A nan kaina ya fara girma. Na shiga zagaya gida ina neman abin da zan ƙara gyarawa, idona ya faɗa kan dokin ƙofar ɗakin Inna, ɗan tudun nan na ƙasa da ake tsallakawa kafin a shiga. Nata ya kai tsakiyar ƙwauri. Kullum sai ta dafa bango, ta sa hannu ta ɗaga ƙafar da gwiwarta ke ciwo, sannan ta tsallaka. Na ce a raina shi Yaya zai fara nunawa, tunda gidansa shimfiɗe yake ko'ina. Na gaya mata zan fasa shi.

"Bar shi inda ka gan shi," ta ce.

"Don me, Inna?"

"Haka na same shi."

A wurin malamin makaranta wannan ba hujja ba ce. Tsohon magini kuwa da gangan na ƙi tambayarsa. Na jira ranar da aka zo aka ɗauke ta zuwa suna a Gagarawa, na ɗauko digata. Maiɗakina ta tambaye ni ko Inna ta yarda, na ce mamaki zan ba ta. Ta ce lallai kam za ta yi mamaki, sannan ta taya ni kwashe ɓaraguzan. Na baje wurin ya zama sumul daga tsakar gida har gaban gado, na shiga na fita ya fi sau ashirin don jin daɗi.

Inna ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta duba. Ta ce, "Sannu da aiki." Sai ta dafa bango, ta sa hannu ta ɗaga ƙafarta, ta tsallake abin da babu. Maiɗakina ta ruga bayan madafi ta toshe baki da zane. Haka Inna ta ci gaba da yi kullum, shiga da fita.

Yaya ya bugo waya ya ce yana tafe ran Asabar. A ranar, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ruwan farko na gaske. Murna ta kama ni, don gwajin da nake jira ke nan. Ruwa ya kece, na shige ɗakin Inna na tsaya a tsakiya na ɗaga kai ina bin azara ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigo babu. Na ƙwala wa maiɗakina kira ta zo ta ga aikin mijinta, har ina ɗan taka rawa.

"Malam," ta ce daga bakin ƙofa, "bar kallon sama, dubi ƙasa."

A lokacin na ji sanyi a tafin ƙafata. Abin da ban taɓa lura da shi ba, duk shekara Inna tana sa a zuba sabon yashi a tsakar gida, shekara kusan sittin, har tsakar gidan ta fi ɗakin tudu. Sabon indararona yana kwararo ruwa da ƙarfinsa, rariya ta kasa ɗauka, ruwan ya nemi gangare ya samu hanyar da na share masa. Ya shigo da ganyen dogonyaro, da silifas ɗaya, da murfin tukunya yana juyawa.

Inna ta naɗe ƙafafu a kan gado. Ta dubi ruwan, ta dube ni, sai ta fashe da dariya, irin wadda ke hana numfashi, tana nuna ni da carbi ta kasa magana. Muka kama kwalfewa da ƙwarya da tasa, muna watsawa waje yana dawowa. Maiɗakina ta ce in tare ƙofa ta je ta ɗuro yashi a buhu. Na duba ban ga abin tarewa ba, sai na kwanta a gicciye a bakin ƙofar, baya ga ruwa. Abin mamaki, ya tsaya. Ina kwance ruwa na dukana, Inna na tari don dariya, ni ma na kasa riƙe tawa.

A haka Yaya ya same mu, da lema a hannu da farar shadda. Ya tsaya a kaina.

"Kai kuma me kake yi a nan?"

Maiɗakina ta durƙusa da buhu a hannu ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Dokin ƙofa yake yi mana."

Da ruwa ya ɗauke ya shiga ya duba rufi, ya danna bango, ya dubi daɓen da ya jiƙe sharkaf amma bai tashi ba. Ya gaishe da Inna, sannan ya ce a fara haɗa mata kaya. Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne: ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, magana ma sai ta bi ta kan wani. Na ɗauka shi ke nan, kunya ba za ta bar ta ta musa ba. Sai ta juya wajen maiɗakina.

"Ki gaya wa baƙon naku rufi ya ce, rufi kuwa bai zuba ba. Ƙofa aikin yini ɗaya ce. Ga ragowar ƙasa can a gurbi."

Sai Yaya ya tuɓe babbar riga ya rataya a igiya, ya naɗe wando, ya ce in miƙo masa shebur. Ashe ya iya. Yana saurayi shi ya taya Baba ƙara wa dokin tsawo. Kafin magariba ya tayar da sabo, ya fi na da kyau, muka kifa masa tsohon kwano don kada ruwa ya taɓa shi. Ni dai miƙo ƙasa nake, zuciyata fari ƙal, tunda Inna ba za ta Kano ba.

Da safe na raka shi mota, ina ta surutu kan indararo da makuba. Ya buɗe ƙofa bai shiga ba.

"Auta, ka ɗauka don rufi nake so ta zo?" Ya dubi makullin da ke hannunsa. "Tun da aka kai ni yaye wurin kaka ban sake zama da ita ba. Na ce ko in tana gidana, wata rana za ta manta ta yi mini magana kai tsaye. Jiya tun daga zaure na jiyo dariyarta. Shekarata hamsin da biyar, ban san haka take dariya ba."

Murnata ta zube, kunya da tausayinsa suka rufe ni. Ya dafa kafaɗata ya ce in riƙa duba rariya, ya shiga ya ja mota.

Da na juya na shiga zaure na ga Inna tsaye a bayan ƙyaure, inda ba zai iya ganinta ba, tana leƙe ta tsagar katako. Ba ta koma ciki ba sai da ƙarar motar ta ɓace.