Ƙuri'a ɗaya tak ta Yaya Bitrus

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Bitrus a nan Greensboro, kuma har yau ɗansa Ishaya ya ƙi yin rajistar zaɓe. Abin nan yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Sau ɗaya tak Yaya ya jefa ƙuri'a a ƙasar nan. Ya yi shekaru yana dakon kaya a wani sito da ke titin Wendover, yana jiran takardar zama ɗan ƙasa. Da ta fito, sai ta zo daidai da zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa. A nan ana buɗe rumfa makonni kafin ainihin ranar, shi kuwa ranar farko ya saka rigarsa ta zuwa coci, ya ce in kai shi. Na ce, "Haba Yaya, gaggawar me? Ka bari a ga wanda ke da ƙarfi mana." Ya ce shi mutumin Jos ne, ya san abin da ranar zaɓe ke haifarwa.

Da inji ya haɗiye takardarsa, sai ya ƙi tafiya. A gida in ka jefa, ba ka motsawa sai an ƙirga a gabanka, jama'a na bin malamin zaɓe da baki. Wata dattijuwar ma'aikaciya ta yi masa bayani cikin ladabi cewa ƙirga sai ranar zaɓe. Ya fito ya ƙame a wurin fakin cikin sanyi, yana kallon ƙofa. Allah ya sani da ƙyar na janye shi. Bayan haka ma, in ya tashi aiki sai ya sauka daga bas ya leƙa, wai ko an taɓa akwatin.

Ba wanda ya taɓa. Ana saura kwana kaɗan, ɗan takararsa ya fito a talabijin yana murmushi, ya ce ya janye ya bi wanda ya fi shi ƙarfi. Yaya ya kira ni. "Rifkatu, to tawa fa?" Na ce sai haƙuri, ba a jefawa sau biyu. A coci aka yi ta masa tsiya, wai ya tsare ƙuri'a daga ɓarayi, mai ita ya yar. Washegarin zaɓe ya sa Ishaya ya nemo masa sakamako a waya. Sunan mutumin na can ƙasa, da ɗan adadinsa abin tausayi. Ya dangwala yatsa ya ce, "An dai ƙirga. Babban zaɓe zan gyara."

Bai kai ba. Annoba ta shigo, aka ce masu aikin sito dole su fita, ya fita. Da aka kwantar da shi asibiti ba a bar ko ɗayanmu ya shiga ba. Muka zauna muna kallon adadin matattu yana hawa a talabijin, har ranar da aka ƙara da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Tun kafin a buɗe rumfa an gama faɗin wa ke da ƙarfi, wa ke da kuɗi, wa zai janye. A cocinmu masu takarda ma sun koma magana ƙasa-ƙasa, wasu fasfo ba ya barin aljihunsu. Na san halinsa: tsaki zai yi, ya sake zuwa ranar farko. Taurin kan nan ne gadon da ya bari, kuma ban ga wanda ya ɗauka ba.

Lahadin da ta wuce na sake tsare Ishaya bayan sujada. Ina Hausa yana mayar da Turanci, kamar kullum. Na ce abin da ubanka ya tsufa yana jira, kai da shi aka haife ka, ba ka jin kunya?

Ya ce, "Anti, sau biyu ƙasar nan ta ƙirga Baba, kuma duka biyun a idona aka yi. Kada ki ƙara ce mini in je a ƙirga ni."

Ya ɗauki makullin motarsa ya wuce aiki.