Farin Zare a Kan Farar Riga

Takardar da makarantar kwana ke aiko wa sabon ɗalibi ba ta yin ƙarya, sai dai ba ta faɗin gaskiya duka. Za ta ce ka zo da bokiti da tsintsiya da fartanya, har ka fara zargin ko aikin gona aka ɗauke ka ba karatun kimiyya ba. Amma ba za ta gaya maka bokitin kwana uku kacal zai yi a hannunka kafin wani siniya ya tuna cewa tun asali nasa ne ba. Yanzu da maƙwabta ke kawo mini irin takardar in duba musu, wai don na je can na dawo da raina, nakan ce su karanta kowane layi sau biyu, musamman wanda suke ganin bai shafe su ba. Mu a gidanmu layi na bakwai ne muka ga bai shafe mu ba.

Shekarata sha biyar lokacin da na ci jarrabawar shiga babbar sakandare ta kwana. A unguwar Soron Ɗinki aka haife ni, kuma a wajen mutanen gidanmu duk abin da ke bayan badala daji ne, ko da kuwa akwai banki a wurin. Balle wannan makarantar da sai an yi tafiyar awa uku a mota. Ranar da takardar ta iso, bayan la'asar aka taru a tsakar gida, ina karantawa ina fassarawa. Umma ta zuba tagumi. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ita ce ke yanke hukunci a kan kowane layi.

Na karanta inda aka hana zuwa da kowane irin abinci daga gida.

“To, ai yaji ba abinci ba ne,” in ji Gwaggo. “Magani ne. Ƙuli-ƙuli kuwa abin taɓa-ka-lashe ne. Ci gaba.”

Na ci gaba. Layi na bakwai ya ce farar riga da farin wando kala biyu, da hula, babu aiki babu ado kowane iri. Can ƙasa kuma aka ja layi a kan wani gargaɗi: duk wanda bai yi rajista a ranar da aka sa ba, za a ba wa wani gurbinsa, don akwai masu jira. Wannan gargaɗin kam ni ya shafa, don na san irin wahalar da na sha kafin in samu gurbin.

Baba yana soro duk lokacin nan, ƙofa a buɗe, yana nuna kamar ba ya ji. Mai ɗinkin hannu ne, cin wuyan manyan riguna ne sana'arsa, kuma gado ya yi ba karambani ba. A da, in Sallah ta gabato, sai ka bi a hankali a soronmu don kada ka taka rigar wani attajiri. Da kekunan zamani masu yi wa riga aiki cikin awa ɗaya suka cika gari, sai soron ya yi fili. Saura tsofaffin alhazai biyu zuwa uku da ke zuwa, rabi don ɗinki rabi don hira.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Alkunya ta hana. “Kai” nake, in kuma yana magana da wani, “wannan yaron”. Ranar da na gaya masa na ci jarrabawa, ya ce “To,” sannan ya tambaye ni ko an ba wa awaki dusa. Ban ji haushi ba. Haka uban kowa yake yi wa ɗan farinsa a layinmu, kuma duk mun girma ba mu mutu ba.

Shi ya sayo yadin da kansa, ya ba wa maƙwabcinmu mai keke ya haɗa rigunan. Da aka kawo su sai suka shige soro ba su fito ba. A kwana na uku na shiga kai masa kunun safe, na tarar ya shimfiɗa ɗaya a gwiwarsa, ya zana wuyanta da fensir, allura na shiga tana fita. Na koma ciki na gaya wa Umma.

“Ni za ka sa a gaba?” ta ce. “Bakin da ya karanta takardar, shi zai je ya faɗa.”

Na koma na durƙusa.

“Baba, takardar ta ce babu aiki.”

Bai ɗago ba. “Na ji lokacin da ka karanta. Wannan ai ba aiki ba ne. Fari ne a kan fari.”

“Amma Baba, ko da fari ne...”

“A gidan nan ba a taɓa fitar da riga wuyanta tsirara ba,” ya ce, ya ja zare da haƙori. “Sai likkafani.”

Daga tsakar gida Gwaggo ta ja a'uziyya, maganar ta mutu a nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, haka aka gaya mini da yamma. Ni kuwa abin da na hango ba sai na hau komai ba, a rubuce yake a layi na bakwai.

Kwana tara ya yi a kan rigunan biyu. Da hantsi yake zama a bakin soro inda haske ya fi, don idonsa ya fara rauni, yana kai ƙyallen kusa da hancinsa. Da ya gama ya kai su wajen masu bugu, suka dawo suna ƙyalli. Maƙwabta suka riƙa shigowa gani. Wani dattijo ya shafa wuyan ɗaya ya ce rabonsa da ganin irin wannan hannun tun zamanin kakana. Baba ya ce ai ɗan abu ne ya yi don kada hannu ya manta. Ina faɗa yau ba tare da shakka ba, ban taɓa sa tufar da ta kai waɗannan kyau ba, har ranar aurena. Amma a lokacin tsoro kawai nake ji in na kalle su. Addu'ata a kowace sujada ita ce Allah ya sa malamin da zai duba mu ya manto tabaransa a gida.

A al'ada ƙanin Baba ne ke shiga duk wata hidima tawa, shi ya kamata ya raka ni. Ranar tafiya da safe, ƙanin nasa har ya iso, sai ga Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a ya ce dama yana da saƙon da zai kai can wajen, bari ya haɗa hanya. Babu wanda ya tambaye shi wa ya sani a dajin da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba. Muka ɗora akwatin ƙarfe da katifa a a-daidaita-sahu zuwa tasha. Gwaggo ta biyo mu har bakin titi tana jaddada mini cewa yajin yana ƙarƙashin tawul. A mota Baba ya zauna gaba, ni baya sanye da ɗaya daga cikin rigunan, har muka isa.

A ƙofar makarantar an jera tebura a ƙarƙashin darbejiya, malamai na buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya. A gefe an tara kayan da aka ƙwace, tulin ledojin yaji da ƙuli-ƙuli ya kusa kai mini ƙugu. Ashe kowane gida da tasa Gwaggon, kuma duk fatawarsu ɗaya. Sababbin ɗalibai sun yi layi cikin riguna farare sol, wasu kamar buhu, an ɗinka musu da girma don su yi shekara uku a ciki. Ban taɓa sha'awar buhu ba sai ranar.

Farin zare a kan farin yadi ba ya nunawa a cikin soro. A tsakiyar rana kuwa, bayan ya sha bugu, daga nesa ake hango shi. Siniyoyi sun jeru ta cikin shingen waya suna kallon sababbin kamu. Ɗaya ya nuna ni ya ɗaga murya.

“Kai jama'a, ku ba da hanya, ga ango!”

Dariya ta ɓarke har cikin layinmu, har da waɗanda yanzun nan suka gama share hawayen rabuwa da iyayensu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da layi ya zo kaina, malamin da ke teburin, wani dogo mai furfura a gemu da jan biro a hannu, ya dube ni daga wuya zuwa aljihu. Tabaransa na nan a idonsa.

“Kai, biki ka zo ko makaranta?”

“Makaranta, Malam.”

“Ba ka karanta takardar da muka aika ba?”

“Na karanta.”

“To wa ya yi maka wannan?”

Baba yana tsaye taku ɗaya a bayana, riƙe da bokitina. Siniyoyin sun matso suna saurare. Na ji bakina yana cewa:

“Wani tela ne a unguwarmu, Malam. Bai iya karatu ba.”

Mutumin da nake magana a kansa ya sauke Alƙur'ani tun yana ƙasa da shekaruna, kuma da ajami yake rubuta awon kowane mai kawo masa ɗinki. Na sani sarai. Ban juya na dube shi ba.

Malamin ya ce in koma gida in zo da riga irin ta kowa, kuma da la'asar ake rufe rajista. Awa uku zuwa, awa uku dawowa, lissafin bai buƙaci ɗan kimiyya ba. Shi ke nan, gurbina ya tafi. Sai na ji muryar Baba a bayana, a kwance, irin wadda yake yi wa masu kawo ɗinki.

“Malam, in aka cire zaren zai shiga?”

“In ta zama fara sol, zai shiga, Alhaji. Duka biyun.”

Baba ya ajiye bokitin. Ya je wajen mai tebur a bakin ƙofa ya sayo reza guda, ya ja akwatina gindin bishiya ya zauna a kai. Ya zare allurar da kullum ke soke a jikin hularsa.

“Kai, tuɓe.”

Na tuɓe na tsaya da singileti a gaban duniya. Ya juya rigar ciki waje, ya fara bi ta baya, yana ɗaga zare da allura yana yankewa da reza, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ƙwarzani yadin ko sau ɗaya ba. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana kawar da kai don kada ya ɓata rigar. Iyayen da suka gama rajistar 'ya'yansu suka fara tsayawa kallo. Dariyar ta ƙare, ban ma san lokacin da ta ƙare ba.

Ya gama ta farko ya ɗauko ta biyu daga akwati. A lokacin layi ya ragu, malamin ya taso ya zo inda muke. Ya nemi izini ya karɓi rigar kafin reza ta taɓa ta, ya ɗaga ta a rana, ya juya bayanta. Bayan aikin Baba da gabansa ba ka rabewa, babu ƙulli babu zaren da ya yi saura.

“Ikon Allah,” in ji malamin. “Ashe har yanzu akwai masu irin wannan hannun? Wallahi doka ce, Alhaji, da ba zan bari a taɓa ta ba. Don Allah a ina telan nan yake? Ina da shadda ajiye, na rasa wanda zan ba.”

Baba ya miƙa hannu ya karɓi rigar, ya shimfiɗa ta a gwiwa.

“Tambayi yaron, Malam. Shi ya san shi.”

Malamin ya juyo gare ni yana jira, da biro a hannu zai rubuta kwatance.

Na so a ce zan iya rubuta a nan cewa na buɗe baki na ce babana ne, ga shi nan zaune a gabanka. Kalma biyu ce ko uku. Ban faɗa ba. Na tsaya ina kallon yatsun ƙafata har aka kira malamin daga tebur ya tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tsayuwar ba, kuma har yau in na tuna sai na ji ta sabuwa.

Aikin kwana tara bai kai awa biyu ba ya koma tsilla-tsillan zare a ƙasa. Baba ya kakkaɓe rigar, ya hure wuyan, ya miƙo mini. In ka duba da kyau za ka ga ƙananan hudojin allura, amma ta zama fara sol kamar yadda doka ta ce. Na sa. Ya dube ni, ya kai hannu ya gyara mini kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba.

“To, shiga, kada su rufe.”

Aka rubuta sunana ana kiran la'asar. Na ɗauki akwati a ka na wuce ƙofar. Da na waiga, ya durƙusa cikin babbar rigarsa yana tsince zaren daga ƙasa yana zubawa a aljihu, don kada a ce ya bar wa mutane shara a ƙofar makarantarsu.