Lambar da ke mitar motar Baba

"A bar ta haka mana, Baba," na ce. Muna tsaye a garejin mai wayarin, mai gyaran wutar mota, a Bodinga, ya zare tsohuwar mitar motar Baba ya ajiye kan kujera, wayoyi na reto.

Ni na sayo wata mitar 'yar gwanjo daga Sakkwato inda nake zaune, na rungumo ta a cinya har gida. Wata uku ke nan ta Baba ta mutu, allura a kwance, lamba ba ta motsi. Na ɗauka ranar tawa ce. Matsalar kawai, lambar da ke kan sabuwar ba ta kai rabin tafiyar motarmu ba.

Mai wayarin ya goyi bayana. "Alhaji, wagga lamba ai gaba ta kai ka. Ran da za a sai da mota sai ta yi kamar amarya."

Baba ya ce shi da lamba yake sanin lokacin juyen mai, kuma motarsa ba za ta yi wa kowa ƙarya ba. A murza ta ta koma daidai, har da wata ukun da mita ba ta ƙirga ba.

To wa ya san tafiyar wata uku? Ƙanena. Shi da ya zauna gida yana noma, shi ke jan Baba ko'ina.

Suka tsuguna, ƙanena na zane a ƙasa da tsinke. Dandin Mahe sau tara, ɗaukar albasa. Shagari duk ranar kasuwa. Lambara gaisuwar rasuwa.

"Horo Birni fa, Baba?" in ji ƙanena. "Randa munka kahe cikin laka kac ce in tura, kai kana ciki kana cin gyaɗa."

Baba ya yi dariya har da riƙe masa kafaɗa. Ni ban taɓa jin labarin ba. Ina tsaye da waya a hannu, na ce bari in duba musu nisan a taswira.

"Bari dai, Yaya," in ji ƙanena. "Hanyar da munka bi babu ta cikin wayarka."

Na mayar da wayar aljihu. Mitar da na sayo, ina kallo mai wayarin na murza lambobinta ɗaya-ɗaya da bakin sukundireba, ana cika ta da tafiyar da ko taku ɗaya babu ni.

Da aka ɗaura, Baba ya ce, "Allah shi yi maka albarka," ya miƙa wa ƙanena makulli. Na buɗe ƙofar baya na zauna. Har gida idona na kan lambar nan ta tsakanin kafaɗunsu, ina ƙirga ɗan abin da ya hau da ni a ciki.

Ku da kuka tare a birni kamata, in yau aka zauna ƙirga tafiyar mahaifinku, nawa ce taku a ciki?