Kwaɗon da Na Sa wa Suna Tako

Har yau in na tuna mutumin nan sai in ji raina ya ɓaci. Wallahi dariyar da ya yi ranar ban yafe ta ba.

Shekarar da aka kawo Baba Alƙahira aka yi masa aikin zuciya, a wajena ya yi jinya, a ɗan gidan da nake haya a Hayyin Ashir, ina tsakiyar karatu. Likita bai ɓoye mana komai ba: ban da jan nama, ban da maiƙo, gishiri kaɗan, ganye da yawa. In ba haka ba, aikin ya tashi a banza. To, ganyen nan shi ne rigimar. Baba ya taso a shekarun fari, lokacin da tafasa da rama su ne safe su ne dare a gidansu, kuma tun da Allah ya buɗa masa ya raba gari da ganye. In na kawo masa dafaffen alayyafo sai ya kalli kwanon, ya kalle ni.

"Uwata, akuya kika samu?"

Ya koma shayi da burodi. Ina ji ina gani yana ramewa, wuyan rigarsa kullum ƙara faɗi yake.

Wata rana ina latsa waya na ci karo da abincin mutanen Meziko, wai shi tako. Na ce bari in gwada. Na kwaɓa garin masara da ɗan fulawa, na murza fale-fale, na gasa a busasshen kasko. Na turara sabanik, alayyafon Masar ke nan, na yayyanka jarjir, ganyen nan mai ɗan yaji da ake sayarwa ƙulli-ƙulli a bakin titi. Na zuba dafaffen wake da albasa da tumatir. Niƙaƙƙiyar gyaɗar da nake saya a shagon 'yan Sudan na dama da lemun tsami, na yaryaɗa a kai, na naɗe.

"Wannan kuma fa?" in ji Baba.

"Tako ne, Baba. Abincin Meziko. A Ma'adi, unguwar masu kuɗi, manyan mutane ke cin sa."

Ya jujjuya shi, ya gatsa. Ya cinye, ya miƙa hannu ya ɗauki wani. Ni kuwa na shige kicin na sha kukana. Daga ranar kullum sai na yi masa. Jikinsa ya fara dawowa, har yana sauka masallaci da ƙafarsa, in ya kira gida a waya yana yi musu burga wai shi yanzu tako yake ci.

Sai ga wannan bawan Allah. Ɗan garinmu ne, ya daɗe a Masar yana yi wa masu zuwa asibiti tafinta, irin mutanen nan da ba a magana ba su tsoma baki ba. Ya zo dubiya bayan azahar, ya tarar da Baba da faranti a gaba. Baba da fara'arsa ya ce, "Bisimilla, matso ka ci tako."

Mutumin nan ya sa yatsa ya buɗe ɗaya kamar ɗan kwastan, ya leƙa, ya kwashe da dariya har da dukan cinya.

"Haba Alhaji! Wane irin tako? Kwaɗo ne fa! Kwaɗo aka naɗe maka a gurasa. Duk arzikin nan, ka hau jirgi ka zo Masar cin kwaɗo?"

Ina bakin ƙofa ina ƙifta masa ido, ina girgiza kai, ko a jikinsa. Don Allah wa ya tambaye shi? Shi ya kwana a asibiti? Shi yake ɗauke kwano yadda aka kawo shi? Da ya lura da fuskata sai cewa ya yi, "Ma'alish, 'yata, wasa nake." Ji fa, wai ma'alish, wato in yi haƙuri! Sa'an mahaifina ne, ba halin in amayar masa da abin da ke bakina. Haka na kawo masa shayi, ya shanye abinsa har da neman ƙarin sukari.

Baba dai murmushin yaƙe ya yi. Ya ajiye wanda ya gatsa, ya goge hannu, bai sake kallon farantin ba.

Baƙon na fita na durƙusa a gabansa.

"Baba, rabu da shi, bai san komai ba."

"Ya sani mana," ya ce. "Ni ma na sani. Uwata, ni za a gaya wa kwaɗo? Tun lomar farko na gane shi."

Ya turo farantin gabana a hankali.

"Da kika ce tako, sai na samu inda zan fake in ci. Yanzu an kira shi da sunansa a gabana. Ɗauke kawai, ba zai wuce ba."