Ƙofa Mai Sarƙa

Duk wanda ya san Malam A-yi-haƙuri ya san Allah bai ba shi zuciyar faɗa ba. Sunan ma daga bakinsa aka tsince shi, don in ka taka masa ƙafa a mota, shi zai riga ka cewa a yi haƙuri. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, yana tsoron duk ofishin da sai an ƙwanƙwasa kafin a shiga. Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran agogo a kan wani ɗan tebur mai gilashi a bakin tasha, har idonsa ya fara gazawa, mutane kuma suka koma duba lokaci a waya. A nan ne ikilisiyarsu ta ɗauke shi aikin bishara, ta tura shi unguwar masana'antu. Ranar matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mutumin da bai iya korar kaza daga ɗaki ba shi aka aika korar Shaiɗan.

Sai ga shi aikin ya karɓe shi. Wani kamfanin katifa ya ba da izini ya riƙa shiga kowace Laraba, lokacin hutun rana, ya yi wa'azin rabin awa a wata kusurwa ta ɗakin ɗinki. Benci uku ne, an jera su tsakanin tulin soso da ya kusa taɓa rufi. Mutum talatin kan zo, wasu don Maganar Allah, wasu don su samu inda za su miƙe ƙafa, shi kuwa bai taɓa tantance su ba. Ranar Asabar kuma yana koya wa waɗanda makaranta ta wuce su karatu da rubutu a coci.

Yana da wani tsohon gwangwanin madara da ya huda wa murfi, wanda ake jefa takardun roƙon addu'a a ciki, ba a sa suna. Ƙa'idarsa ita ce ba ya leƙa takarda kafin lokacin addu'a. Cewa yake wasiƙar Allah aka rubuta wa, shi ɗan aike ne kawai, ɗan aike kuwa ba ya buɗe saƙo a hanya. Sai jama'a sun sunkuya yake warware kowace, ya karanta da ƙarfi yadda ta zo: ciwon baya, jarrabawar ɗa, mijin da ya daina kwana a gida. Shekara biyu ana haka, ba abin da ya taɓa faruwa.

Wata Laraba ana tsakiyar addu'a Manaja ya biyo ta wurin, ya tsaya a bayan benci saboda ladabi. Malam ya warware takarda ta huɗu ya kama karantawa. "Ya Ubangiji, ka sa a cire sarƙar ƙofar baya. Mu sittin ne a ɗakin nan, mafita ɗaya ce, kuma ta gaban ɗakin gam take. Jiya wayar wuta ta yi tartsatsi. Ba na so in ƙone." Ya kai rabi kafin ya gane abin da bakinsa ke faɗi, harshen kuwa ya ƙi tsayawa, kamar keken da birkinsa ya tsinke a gangara. Da ya kai ƙarshe ba wanda ya ce amin. Ya ɗaga kai, ya ga ƙeyar Manaja yana fita.

Ya san rubutun. Mutum ɗaya ce a ajinsa na Asabar ke danna biro har ya kusa huda takarda: Uwar Biyu, mai ɗinka rigar katifa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata tagwaye. Washegari da safe mai gadi ya kawo saƙo har gida, wai Manaja na son ganinsa ranar Juma'a, ya zo da takardar, don a san mai damuwa a kwantar masa da hankali. Malam ya san irin wannan kwantar da hankalin. Kowane ma'aikaci na rubuta sunansa a rajista da hannunsa kullum safe, gwada rubutu ba zai ɗauki minti goma ba. Bara ma wani ya yi maganar warin gam, sati bai zagayo ba aka sallame shi.

Da gumi ya isa gidan Dattijo, shugaban kwamitin bishara. Dattijo ba mugu ba ne, shi ma tsoron ne ya cika masa ido. Ya tuna wa Malam cewa shekara biyu suka yi suna zirga-zirga kafin a buɗe musu kamfanin nan, mutum goma sha ɗaya sun karɓi baftisma ta dalilinsa, in aka kore su yau, sauran kamfanonin ma za su ji labari su rufe. Maganar sarƙa kuwa, ai akwai hukumar da aka kafa dominta.

"Ceton rai aka aike mu, Malam, ba gyaran ƙofa ba," in ji shi. "Ka ba Manaja takardar, ko ka ce ta ɓace."

Malam ya ce a yi haƙuri, ya tashi. Ƙarya ba ya iyawa, kunnensa ke rawa in ya gwada. A gida ya kasa cin abincin rana, yana ta juya cokali. Matarsa ta saurari labarin duka tana ninke wanki, ba ta katse shi ba. Da ya gama sai ta ce, "Baban yara, kai kana tsoratar da su da wutar gobe, su kuwa ta yau suke tsoro. Da wane kunnen za su ji ka?" Ya ji haushin maganar ƙwarai.

Da yamma ƙafarsa ta kai shi lungun bayan kamfanin, inda bai taɓa bi ba. Ga kwata, ga tulin yankakken yadi, ga ƙofar ƙarfe an zura mata sarƙa ta huji biyu. An ce saboda masu satar guntayen soso aka ɗaure ta, shekara huɗu ke nan. Ya sunkuya ya duba kwaɗon da idon mai gyaran agogo. Tsatsa ta cinye cikinsa, ko an kawo makulli ba zai juya ba. A ƙasan ƙofar akwai tazarar yatsa biyu, ta nan warin gam da ƙarar kekunan ɗinki ke fitowa. Ya tsaya yana ƙirga mutum sittin a ransa, yana ganin su suna turereniya a bayan ƙarfen nan.

A hanyar komawa ya yi kiciɓis da Uwar Biyu, an tashi daga aiki. Ta gaishe shi a gurguje tana waige-waige, fuskarta duk ta faɗa. Ta ce ita dai ta ga ba inda za ta kai kukan, shi ya sa ta jefa a gwangwani, ba ta san Manaja zai biyo ba. Sannan ta tambaye shi a hankali, "Malam, za ka ba shi?" Ya buɗe baki, ko a-yi-haƙurin ma ya ƙi fitowa. Ta dube shi, ta gyara jakarta, ta wuce.

Ranar Juma'a sau uku yana ɗaga hannu a ƙofar ofis kafin ya iya ƙwanƙwasawa. Manaja ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Rajistar tana buɗe a kan tebur. Takardar tana aljihun gaban rigar Malam, ta jiƙe da gumi. Da Manaja ya miƙo hannu, Malam ya dafe aljihun.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri," ya ce. "Takardar ba tawa ba ce balle in bayar. Wanda aka rubuta wa ya riga ya karɓa." Ya so ya tsaya a nan, sai ya ji kansa ya ƙara da cewa, "Kuma kwaɗon ƙofar baya ya mutu. Na duba da idona."

Fara'ar Manaja ta ɗauke. Bai ɗaga murya ba, ya dai kira mai gadi ya ce daga yau kada a sake barin wannan mutumin ya wuce get. Dattijo kuwa da ya ji, sai ya ce kwamiti zai zauna a kan maganarsa.

Laraba ta zo, Malam bai da benci, bai da jama'a. Ya saka rigarsa ya cire sau biyu, daga baya ya ɗauki jaka ya nufi lungun baya. Da kekuna suka tsaya don hutun rana, ya durƙusa a bakin kwata, ya kai bakinsa ga tazarar nan ya ce shi ne, ya zo. Shiru. Can a bakin lungu mai gadi ya ɓullo, riƙe da igiyar kare. Malam ya ji fitsari ya matse shi, yana shirin miƙewa ke nan sai ga wata 'yar takarda ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Wata ta biyo ta. Har tara, rubutu iri-iri, wani da biro, wani da allin tela a bayan kwali, duka maganar sarƙa suke. Yanzu kam sai dai Manaja ya kori rabin layin ɗinki. Karen yana shinshina masa dunduniya ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, yana tuntuɓe a kan kalmomi, daga bayan ƙarfe kuma aka riƙa amsawa da amin.

Uwar Biyu tana nan a kan kekenta. Sarƙar ma tana nan. Kwamiti ya zauna sau biyu bai yanke komai ba, wasiƙar da Malam ya kai hukuma kuma har yanzu ba amsa. Mutanen unguwa suna cewa ya daina tsoron kare, amma ba gaskiya ba ne, wani tsoron ne ya danne wancan. Ko shara aka ƙona ta wajen masana'antu, in ya hango hayaƙi sai ka gan shi ya fizgi jaka yana gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kwanan baya matarsa ta ɗauki jakar za ta wanke, ta ji nauyinta ya ƙaru. Ta buɗe. A gefen gwangwanin madara ta tarar da sabon zarton yankan ƙarfe, an naɗe shi a tsumma. Ta tsaya tana kallonsa, wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta mayar da shi yadda ta same shi, ta rataye jakar kusa da ƙofa.