Waƙar da Ƙanena Ya Yi wa Baba

Ranar da Baba ya rasu ina China, a wani shago a titin Huanshi, ina jayayya da wata Basiniya a kan launin takalman mata. Kafin in kira ƙanena da ke karatu a jami'a can unguwar Tianhe, har an yi wa Baba wanka a Kano. Kafin mu haɗu an kai shi makwancinsa. Haka al'adarmu take, gawa ba ta jiran kowa, balle wanda yake China.

Ni na yi kukana har na gode wa Allah. Ƙanena kuwa ko ɗigon hawaye. Ya daina magana, ya rame kamar kazar mayu, in na kai masa tuwo sai in dawo in tarar da shi a rufe. Na tsorata ƙwarai.

Ashe yana da abokai Sinawa a ajinsu, masu kaɗa jita da ganga, irin kiɗan nan na Turawa da suke kira grunge. Wata Asabar da rana ya ce, "Yaya, zo ki ji wani abu." Na bi shi wani ɗaki a ƙarƙashin bene, duk warin taba da wayoyin lantarki. Jitar ta fara a hankali, shi ma yana rerawa ƙasa-ƙasa, da Hausa: "An rufe ka kafin in ɗaura takalmi." Sai gangar ta fashe, ya ware murya da wata irin ƙara mai kankare maƙogwaro. Ni da nake cewa kiɗan nan hayaniyar maƙera ce kawai, sai ga ni zaune a kan akwatin lasifika ina rusa kuka. Da ya gama na ga fuskarsa sharkaf da hawaye. A ranar ya cinye tuwonsa tas.

Waƙar ta bazu a wayoyin mutanenmu da ke China. Har yau, in an aiko wa wani da rasuwa daga gida kuma ba halin tafiya, bayan an taru an yi addu'a, sai ka ga wani ya tura masa ita a ɓoye. Na taɓa jin ta tana tashi daga wayar wani ɗan Damagaram a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, yana tsaye ana loda masa kwantena. Kaina ya yi girma.

To, ba a raba mu da tsegumi. Wani ɗan kasuwa ya kai wa Baffa, ƙanen mahaifinmu, labari cewa yaron da aka tura karatun injiniya ya zama mawaƙi, yana ihu da sunan mamaci. Baffa ya rantse sai an dawo da shi gida, karatun ma a bar shi. Na yi magiya a waya har bakina ya bushe, ya ce mace ba ta tsoma baki a wannan.

Da na je Kano, Umma ta fita takaba. Baffa ya zo takanas, ya ce in kunna mata abin kunyar ta ji da kunnenta. Na kunna. Umma ta saurara har ƙarshe, kanta a sunkuye. Wurin ƙarar nan ta runtse ido, amma ba ta ce a kashe ba.

Sannan ta ɗago ta dubi Baffa. "Malam, kai ka ɗauki makarar yayanka, ka zuba masa ƙasa da hannunka. Yaron nan me ya samu? Ku bar min ɗana ya gama karatunsa."

Baffa ya daɗe yana kallon tabarma. Da zai tafi, a bakin ƙofa, ya tambaye ni ko yaron yana cin abinci yanzu.