Sandar Gwadabe a Hannun Dama

Yayana Zaharadden kafinta ne a unguwar Khumra, kuma taurin kai da shi aka haife shi. Shekara ashirin yana ƙofofi da tagogi, ba wanda ya taɓa jin ya ce ya iya zane.

Wata rana ya je gyaran kabad a gidan wani injiniya ɗan Japan. A bango ya ga hoton wani ɗan wasa, fuskarsa fara fat, ƙafa ɗaya a sama. Injiniyan ya ce masa ba da alƙalami aka yi shi ba, katako ake sassaƙawa, a shafa tawada, a danna takarda a kai. Yayana ya dawo da abin a ransa.

Babanmu Gwadabe, a zamaninsa, ba wanda ya kama ƙafarsa a Karantina wajen mizmar, rawar sandan nan da ake yi ana zagaya wuta. Tun da aka rushe unguwar ya daina ko zancenta. Ba mu da hotonsa ko ɗaya yana rawa, ga idonsa yana tafiya. Zaharadden ya ƙudura sai Baba ya ga kansa kafin ganin ya ƙare.

Wata biyu yana sassaƙa. Ranar wata Juma'a bayan cin abinci ya miƙa wa Baba takardar, baki har kunne. Baba ya kai ta dab da ido, ya daɗe, sannan ya ajiye.

"Wannan ba ni ba ne," in ji shi. "Yaushe na taɓa riƙe sanda da hagu? Aib! Abin kunya!"

Ashe abin da aka sassaƙa a dama, a hagu yake fitowa a takarda. Injiniya bai faɗa ba, gwanin namu kuma bai tambaya ba. Na yi dariya har da hawaye, ya yi kwana uku bai kula ni ba.

Bai haƙura ba. Ya yanko sabon katako, ya sassaƙa Baba bahago da gangan, wata biyu kuma, abokan aikinsa na ta yi masa tsiya.

Da ya kawo ta biyun, Baba ya bi hannun hoton da yatsa har ƙarshen sanda.

"Najwa," ya ce mini, "yalla, ɗauko min sandata a bayan ƙofa."

Da ƙyar ya miƙe. Ya juya ta sau biyu a tsakiyar falo, da dama. Ban taɓa alfahari da yayana kamar ranar ba, kuma na faɗa masa a gaban kowa.